Ranar da Makiyayi Ya Saki Hadari

Da ƙarfe biyu na rana zirnako suka sake tashi daga kan Tsaunin Bagaji, dubu huɗu a tashi guda, suka nufi baƙin hadarin da ya yi sansani a gabashin dutsen. Ba ƙwari ba ne. Ƙananan jirage ne marasa matuƙi, kowanne bai fi tafin hannu ba, mutanen gari ne suka laƙaba musu sunan saboda ƙugin da suke yi. Aikinsu su kutsa cikin gajimare su fesa wani gari mai laushi da ke hana ɗigon ruwa haɗuwa ya yi nauyin faɗowa. A ƙarƙashinsu akwai hasumiyoyi arba'in da biyu jere a doron tsaunin, suna harba wutar lantarki sama, suna kora hadari duk inda aka ga dama kamar garken shanu. Zirnakon da hasumiyoyin gaba ɗaya su ake kira Makiyayi.

Shekara goma sha huɗu ke nan da kafa shi, kuma tun lokacin birnin Gangare, da ke kwance a gindin tsaunin ta yamma, bai sake ganin fari ko ambaliya ba. Ruwan sama ya koma abin jadawali. Duk Asabar hukuma kan aika wa mutane saƙo a waya: Litinin yayyafi na awa biyu, Alhamis ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. Masu shanya da masu biki da magina duk da jadawalin suke aiki. Rafin Bagaji, wanda a da yakan cika ya tumbatsa kowace damina, an karkatar da ɗan ruwansa zuwa madatsa, ya bushe ƙaf, aka yanka filaye a cikinsa. Mutum dubu talatin ne ke zaune a wurin yanzu, ana kiransa Unguwar Yashi.

Injiniya Uwani Shekarau ce ke kan aiki a ɗakin sarrafa Makiyayi, a hawa na goma sha biyu na ginin hukumar. Shekararta tara a wannan kujera. Idonta na kan lamba ɗaya a tsakiyar allo, wadda ke nuna nauyin ruwan da ke rataye a sama. An ƙera Makiyayi ne ya riƙe hadari kwana biyar, iyaka, kuma jan layin da aka ja a kan ɗari yake. Yau kwana na tara. Lambar tana kan ɗari da sittin da uku.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Birnin ya karɓi baƙuncin baje-kolin ƙasashe na kwana goma a tsakiyar watan Agusta, da gangan, don a nuna wa duniya garin da ruwa ba ya shiga sai ya yi sallama. Sau biyu Uwani tana rubuta takardar gargaɗi, sau biyu ana amsa mata da cewa an gani.

Ta danna layin hasumiya ta ashirin da ɗaya, wadda ke tsakiyar jerin. Can ne Jatau yake, tsohon ma'aikacin da ke kula da hasumiyoyin tun ana haƙa ramin tushensu.

"Baba Jatau, yaya wajen naku?"

"Injiniya, ba daɗi." Muryarsa na zuwa tana yankewa. "Iska ta tsaya cak tun ɗazu. Gashin hannuna duk ya miƙe, in na taɓa ƙarfe sai ya ɗana ni. Zirnakon da kika tura da safe, da yawa ba su dawo ba, ga su nan suna faɗowa da ƙanƙara a jikinsu."

"Ka sallami yaranka su sauka."

"Na sallame su tun azahar. Ni kaɗai ne."

Tana shirin cewa shi ma ya sauka sai allon ya yi fari gaba ɗaya, ya dawo. Hasumiya ta talatin da takwas ta ɓace daga jerin. Bayan daƙiƙa kaɗan ƙarar ta iso birnin, gilashin tagar ya yi rawa a cikin firam ɗinsa.

Ta kira Darakta Sambo Wakili, shugaban hukumar. Yana filin baje-kolin, a kan tudun arewa. Fuskarsa ta fito a allo, bayansa tutoci da kiɗa.

"Ranka ya daɗe, aradu ta cinye hasumiya ɗaya. Sauran sun ɗauki nauyinta, kuma ba za su jure ba. In na yi lissafi daidai, ba mu da awa guda."

"Gobe da tsakar rana ake rufewa, Uwani. Awa ashirin da biyu kawai nake roƙo."

"Ba ni ake roƙo ba, ranka ya daɗe. Ba ni da su."

Ya matsa gefe inda kiɗan ya ragu. Shi ma injiniya ne kafin ya zama darakta, da hannunsa aka zana rabin hasumiyoyin nan. Ta tura masa lambobin, ta ga yadda fuskarsa ta sauya yana karantawa.

"To ki mayar da shi gabas," ya ce. "Ki tattara ƙarfin da ya rage ki tura shi Kwarin Rimi, ya zube a can."

Kwarin Rimi fili ne shimfiɗaɗɗe a bayan tsaunin, ƙauyukan manoma da makiyaya waɗanda ba sa cikin jadawalin birni, ba su da jiniyar gargaɗi, yawancinsu ma ba a san lambar wayarsu ba.

"Yau Laraba," in ji Uwani. "Kasuwar Tungar Rimi ke ci, kuma a cikin kwarin take. Mutum dubu shida ne aƙalla a wuri ɗaya, babu tudun da za su hau. Ruwan kwana tara zai sauka a kansu cikin rabin awa."

"In ya ƙwace ya faɗo yamma fa? Birni guda ne a nan. Ki gaya mini wanne ya fi."

"Akwai hanya ta uku. A fasa shi a kan tsaunin kansa. In na sa zirnako suka fesa gishiri maimakon garin, a daidai lokacin da aka kashe hasumiyoyin, zai zube a doron dutsen. Ruwan zai rabu cikin kwazazzabai bakwai, huɗu gabas, uku yamma. Kowane ɓangare zai sha, amma ba wanda zai sha duka, kuma sai ya yi minti talatin da biyar kafin ya sauko. A wannan lokacin mutane za su iya gudu."

"Hasumiyoyin fa?"

"Ba wadda za ta tsira."

"Kuma mafi girman kwazazzaban nan Rafin Bagaji ne. Kin san inda yake bi." Ya kalle ta sosai. "Ba a Unguwar Yashi yayanki yake ba?"

"A can yake."

"To ki yi abin da na ce. Ba zan ba da mabuɗin kashewa ba. Ga ni nan tafe, minti ashirin, in tarar kin fara turawa."

Allon ya ɗauke. Lambar ta koma ɗari da saba'in da ɗaya.

Uwani ta ɗora yatsunta a kan madannan. Umarnin turawa gabas layi uku ne kacal, ta san shi kamar sunanta. Ta rubuta layi na farko. Sai ta buɗe hoton tauraron ɗan'adam na Tungar Rimi, don kawai ta tabbatar. Rumfuna ne rututu, jajaye da shuɗaye, ga turken shanu a gefe, ga motocin kaya sun yi layi a bakin hanya ɗaya tilo da ke fita daga kwarin. Ta goge layin da ta rubuta.

"Baba Jatau, kana jina?"

"Ina jin ki."

"Babban makunnin hannu da ke gindin hasumiyarka, wanda ke yanke wutar duka jerin. Yana aiki?"

"Ni nake shafa masa mai duk wata." Sai ya tambaya, "Darakta ya sani?"

"Ya hana."

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba: abin da aka umarce ta, abin da take so ta yi, da abin da zai sauka a kansa da zarar ya ja makunnin. Daga gindin hasumiyar zuwa ɗakin kankare da ma'aikata ke fakewa taku ɗari biyu ne a kan dutse.

"Ba umarni nake ba ka ba, Baba. Ba ni da ikon ba ka shi. In ka ce a'a, ka sauka yanzu, ba wanda zai ji daga bakina."

"Matata 'yar Tungar Rimi ce," in ji shi. "Ki ba ni minti goma in sauka gindin. In kin shirya ki ce in ja."

Ta kunna jiniyar birni. Tun da aka kafa ta ba a taɓa busa ta ba sai ranar gwaji. Ta goge jadawalin mako, ta aika saƙo ɗaya ga kowace waya a Gangare: ambaliya na zuwa ta Rafin Bagaji, kowa ya bar Unguwar Yashi ya hau tudu yanzu, kada a tsaya ɗaukar kaya. Ta nemo lambar sarkin kasuwar Tungar Rimi a wata tsohuwar takarda, ta gaya masa ya kwashe mutane daga bakin kwazazzabai zuwa tsakiyar fili. Sannan ta duba kyamarorin Unguwar Yashi.

Ba wanda ya motsa. Mutane sun fito ƙofar gida suna kallon sama, wadda a ɓangarensu shuɗiya ce tas, rana na dukan kwano. Wasu na nuna wa juna waya suna dariya. Yara na tsalle suna kwaikwayon kukan jiniyar.

Ta kira yayanta Iliya, mai walda, wanda shagonsa ke tsakiyar unguwar.

"Ƙanwata, injinku ya sha wani abu ne?" ya ce yana dariya. "Jadawali ya ce sai Asabar."

"Yaya, ni na aika saƙon da hannuna. Ni zan sako ruwan. Ka ɗauki Laraba da yara ku hau tudun makaranta. Minti arba'in ya rage, ko ƙasa da haka."

Dariyar ta tsaya. Tun suna yara ya san muryarta in tana tsoro.

"Ke za ki sako shi? A kanmu?"

"In ban sako shi ba zai zo da kansa, ya fi haka. Don Allah, Yaya, ba lokacin bayani."

Ta ji numfashinsa. "Mutanen nan ba za su yarda da waya ba," ya ce. "Bari in ga abin da zan iya."

Hasumiya ta talatin da bakwai ta ɓace, ta shida ta bi ta. Uwani ta juya umarnin zirnako, ta ga dubban ɗigon haske a allo sun karkata sun nutse cikin cibiyar hadarin da gishiri a cikinsu. Ta ƙirga daƙiƙa casa'in a bakinta.

"Baba Jatau, ja."

Ta ji ƙarar ƙarfe, ta ji ya ce bismillah, sai layin ya mutu. Duk hasumiyoyin suka dushe a allon lokaci guda.

Ta tagar ta ga abin da ya biyo baya. Hadarin ya sauko ya zauna a kan tsaunin kamar an kifa masa baƙar tukunya. Walƙiya ba ta ɗaukewa, wata na bin wata, tana sauka a kan hasumiyoyin ɗaya bayan ɗaya, suna yin ja suna lanƙwashewa. Tsawar ta daina zama ƙara, ta zama girgiza da ake ji a ƙashin ƙirji. Sai iska ta iso birnin. Ta ɗaga farantan sola daga rufin gidaje tana wurgi da su kamar faifai, ta tuge turakun jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi, ta kwashe rumfunan baje-kolin da tutocinsu ta watsa a sararin sama. Ƙanƙara mai girman ƙwan zabo ta biyo baya. Cikin minti biyar rana ta ɓace, fitilun titi suka kunna kansu.

A wannan duhun Darakta Sambo ya shigo, rigarsa a jiƙe, goshinsa na jini. Ya dubi allon, ya dube ta. Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, suka zuba wa kyamarorin Unguwar Yashi ido.

Yanzu mutane na gudu. A kyamarar babban layi Uwani ta hango Iliya a kan kekensa mai lantarki, ya ɗaure tsohuwar tukunyar gas a baya, wani maƙwabcinsa na dukanta da guduma, suna bi layi-layi suna buga ƙofofi. Bayansu jama'a ce ke kwarara zuwa tudun makaranta, mata da goyo, maza ɗauke da tsofaffi, wani na jan akuya. Ta ga Laraba, matar Iliya, da yaran uku sun haye matakalar tudun.

Lissafinta ya ce minti talatin da biyar. A minti na ashirin da shida ruwan ya iso.

Bai yi kama da ruwa ba. Bango ne ja, ya fi tsayin gida, yana tafe da duwatsu da itatuwa da gutsattsarin ƙarfen hasumiya. Madatsar da aka gina don ɗan rafi ta tsaya masa na ɗan lokaci, sannan ya bi ta kanta. Ya shiga Unguwar Yashi ta inda rafin yake shiga tun kafin a haifi kowa a garin. Layin farko na gidaje ya kwanta gaba ɗaya. Motoci suka taso suna juyi suna karo da juna. Kyamarorin suka riƙa mutuwa daga sama zuwa ƙasa, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har allon ya zama baƙaƙen akwatuna.

A ta ƙarshe da ta rage, ta ga keken Iliya a jingine a ƙofar wani gida, babu kowa a kai. Sannan ita ma ta mutu.

Uwani ta kira wayarsa. Ta sake kira. Tana ta kira har Darakta ya miƙa hannu a hankali ya karɓe wayar daga hannunta.

Ruwan ya janye kafin magariba, ya bar laka mai kai wa ƙugu. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya aka rasa a Gangare, goma sha tara a Kwarin Rimi, inda kasuwar ta sha ruwa har gwiwa amma ta tashi da mutanenta. An sami Jatau washegari a bakin ɗakin kankaren, da rai, aradu ta faɗi kusa da shi ta tafi da jinsa na kunnuwa biyu. Iliya sai a rana ta uku aka same shi, kilomita goma sha ɗaya daga gida. Ya koma ne ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ba ta iya tafiya. Ya ɗora ta a kan rufin bene, ta tsira, katangar da ya taka ce ta tafi da shi.

A ajin makarantar da aka tsugunar da iyalinsa aka yi zaman makoki. Uwani ta zauna a gefen tabarma har mutane suka ragu. Laraba ba ta dube ta ba sai a lokacin.

"An ce an ba ki zaɓi," ta ce, muryarta a dishe. "An ce da kin tura shi gabas, da ko ɗigo bai taɓa mu ba."

"Haka ne."

"Kin san yana nan."

"Na sani."

Laraba ta gyara wa ƙaramin yaron da ke barci a cinyarta kwanciya. "Da ya ji dalilinki, na san cewa zai yi kin yi daidai. Haka yake. Ni ban kai nan ba tukuna, Uwani. Kada ki tambaye ni yaushe."

Uwani ta ce to. Ta ci gaba da zuwa kullum da abinci, ana karɓa, ba a ce mata komai.

Kwamitin bincike ya zauna wata biyu. Wasu suka ce ta ceci dubbai, wasu suka ce ta karya umarni ta rusa dukiyar birni ta kashe mutanen unguwar yayanta. Masana suka gwada lissafin a na'ura sau ɗari, kowane gwaji da adadin da yake bayarwa, ba wanda ya iya cewa ga tabbacin abin da zai faru da ta bi ɗaya hanyar. A ƙarshe ba a hukunta ta ba, ba a kuma yaba mata ba. Takardun gargaɗinta biyu an sa su a shafi na ɗari uku da wani abu na rahoton.

Bayan damina ta wuce Darakta Sambo ya kira ta ofishinsa. Ya rame, tabon goshinsa bai gama ɓacewa ba. Ya shimfiɗa zanen sabon aiki a kan tebur, hoton tsaunin ya taso a iska da ƙananan fitilu a doronsa, sun ninka na da.

"Makiyayi na biyu," ya ce. "Hasumiya ɗari da ashirin. An amince da shi jiya. Matsalar na farko ƙarfi ne bai ishe shi ba, kwana biyar ya yi kaɗan. Wannan zai riƙe hadari kwana talatin ba tare da ya girgiza ba. Ina so ke ki jagorance shi, don ba wanda ya san abin nan kamarki."

Uwani ta daɗe tana kallon fitilun. Ta tagar bayansa ana hango inda Unguwar Yashi take a da. Lakar ta bushe ta tsattsage, kuma tuni injinan awo suna tafiya a kanta a hankali, suna kafa fararen turaku na sababbin filaye.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a rana ta talatin da ɗaya fa?"

"Ba wanda zai kai shi can."

"Haka muka ce a kan rana ta shida."

Ya dubi zanen kamar amsar na wani lungu a cikinsa. Daga baya ya ce a hankali, "Ranar Litinin za a fara haƙa tushe, da ke ko ba ke."

Ta tsaya da alƙalamin da ya miƙo mata a hannu. In ta ƙi, wani za a ba, wanda bai taɓa ganin bangon ruwan nan ba, wanda in an ce masa gabas zai tura gabas. In ta karɓa, da hannunta za a rataya wa garin abin da ya ninka na farko sau shida.

Ta ja kujera ta zauna, ta jawo takardar kama aikin gabanta, ta fara karantawa daga layin farko.